Motar da Ba a Gama Ba, Tana da Wuri a Filin Baje Koli?

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama da matasa masu koyon gyaran mota.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen gida, malamai, da ku ƙannena masu koyon sana'a, barkanmu da war haka. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Yau Amurka za mu, mu leƙa wata gardama da masu tsofaffin motoci suka daɗe suna tafkawa. Ana shirya bikin baje kolin motocin da. Kowa ya goge tasa tana ɗaukar ido, wani har madubi ya shimfiɗa a ƙasa don a ga cikinta. Sai ga wani bawan Allah ya shigo da tasa, ba fenti, ba kushin na kirki, sawun walda a fili, salansa na tsaga kunne. A bar shi ya jera da su, ko a ce ya koma sai ya gama? Ina da ra'ayi, kuma ba zan ɓoye muku ba: a bar shi ya shiga. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya tara mu.

Motar da ake wannan faɗa a kanta ita ce wadda suke kira hot rod. Tsohuwar mota ce, yawanci Ford ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da mai ita ya rage mata nauyi ya ƙara mata ƙarfin inji don ta yi gudu. Abin ya yi ƙarfi a kudancin jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930. Kamfanin Ford ya ƙera Model T fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, ya biyo da Model A, saboda haka tsofaffinsu sun cika bola, araha kamar banza. A 1932 kuma ya fito da inji mai silinda takwas, ƙarfin doki 65, a farashin da talaka zai iya. Saurayi sai ya sayi gangar jikin Model A, ya samo wannan inji daga motar da ta yi haɗari, ya haɗa su a bayan gida.

Ina za shi ya gwada? Akwai busassun tafkuna a hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka. Can suke tafiya a ƙarshen mako. Suna isa sai su kwance gilashin gaba da fitilu da murfin tayoyi, duk abin da zai tare iska, su yi gudu a auna, da yamma su mayar su koma gida, ran Litinin a tafi aiki da ita. A 1937 suka kafa ƙungiyar auna gudu ta SCTA don a sa tsari. To ku faɗa mini, yaron da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ga kafireto na biyu yana so, ga fenti, wanne zai fara saye? Fenti ba ya ƙara gudu. Shi ya sa idan kuka dubi hotunan wancan zamani za ku ga da yawa cikin motocin nan da fentin share fage kawai, baƙi ko ruwan toka, marar ƙyalli. Wannan sati an canja giya, wata mai zuwa an canja kan inji. Mota ce da kullum ake cikin aikinta.

Ƙyalli ya shigo ne daga baya, kuma da dalilinsa. Bayan yaƙi samari sun dawo daga soja da kuɗi da ilimin inji, tsere ya koma kan titunan gari, ana ta haɗari, jaridu suka sa su gaba, 'yan sanda ma haka. Masu hankali a cikinsu suka ga idan ba su gyara sunansu ba za a hana abin gaba ɗaya. A watan Janairun 1948 aka yi baje koli na farko a Los Angeles, a daidai lokacin da Robert Petersen ya fito da mujallar Hot Rod. Manufar ita ce iyaye da hukuma su zo su ga aikin hannu ne mai tsafta. A 1950 aka fara na birnin Oakland, inda ake ba da kofi mai tsawon ƙafa tara ga motar da ta fi kyau, Bill Niekamp ya fara ɗauka da Ford ɗinsa ta 1929. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar tsere ta NHRA don a kwashe tsere daga titi a kai shi fili mai doka. Daga nan aka samu gida biyu a cikin dangi ɗaya: masu gina mota don gudu, da masu gina ta don kallo.

Akwai kuma gida na uku, kuma kada mu raina hujjarsu. Su ne masu mayar da mota yadda ta fito daga kamfani. Babbar ƙungiyarsu, AACA, tun 1935 take, kuma taronta na garin Hershey a jihar Pennsylvania ya shahara a duniya. Alƙalansu na duba mota ne da ma'auni ɗaya: haka ta fito? Launin nan na shekarar ne? Wannan noti irin na kamfani ne? A wurin irin waɗannan mutane, wanda ya samu gangar jikin Ford ta 1932 lafiyayya ya sa zarto ya rage mata tsawon rufi, ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, domin kamfani ba zai sake ƙera wata ba. Idan kuma ya yanka ɗin ya bar ta ba fenti tana tsatsa, laifi ya zama biyu. Wani dattijo ya shekara goma yana neman marfin lagireto na asali, ya kashe abin da ya tara, sai a ajiye masa mota mai ɗigar da baƙin mai a gefe, jama'a kuma su bar tasa su yi dafifi a kan waccan. Dole ya ji ciwo. Ni a nan ina tare da su a abu guda: idan taro ya rubuta ƙa'idarsa cewa motocin da ba a canja musu komai ba yake so, to magana ta ƙare. Mai gida ne ke da ikon gidansa. Hot rod, gamammiya ko marar fenti, ba ta da hurumi a can. Gardamarmu a kan sauran bukukuwan take, waɗanda aka buɗe wa tsofaffin motoci kowace iri, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu ku saurari yadda marar fenti ta dawo da ƙarfinta. Cikin shekarun 1980 kuɗi ya shiga harkar sosai. Magina irin su Boyd Coddington suka shahara da sassan da inji ke sassaƙowa daga dunƙulen aluminiyam, sumul, ba ko tabo. Mota ta zama kayan ado. A tirela ake kawo ta, a turo ta a hankali, a kewaye ta da igiya, ba ta taɓa shan ƙurar hanya ba. Matashi mai ƙaramin ƙarfi ya ga ba shi da shiga. A 1987, a taron ƙungiyar masu hot rod ta Goodguys a garin Pleasanton, Jim Jacobs, wanda gwani ne da kowa ya sani a sana'ar, ya zo da wata Ford ta 1928 da ya harhaɗa daga tsofaffin sassa, ya tsaya a gaban jama'a shi da abokansa suka shafa mata fenti da buroshi. Ba rashin iyawa ba ne, tsokana ce. Shekara goma bayan haka aka fara taron Billetproof a Kalifoniya, wanda ya juya ƙa'idar: motocin 1964 zuwa baya, kuma ba a son ganin wancan sassaƙaƙƙen aluminiyam. Masu fentin share fage suka samu gidan kansu.

Sai dai kun san halin ɗan Adam, idan abu ya samu karɓuwa sai an wuce gona da iri. Aka samu salon da suke kira rat rod, wato motar da ake bari kamar ba a gama ba da gangan, wasu a cikinsu aikin ƙwarai ne, wasu kuma abin tsoro. A nan nake so ku buɗe kunne, domin ku ne za ku riƙe garejoji gobe. Motocin da ake cewa ba a gama ba, ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wadda aka gama mata duk abin da rai ya rataya a kai. Shasi a miƙe, walda ta ci ƙarfe sosai, sitiyari ba wasa, tankin mai a ɗaure, waya a jere. Birki kuwa an kula da shi. Tsofaffin Ford har zuwa 1938 birkin sanda da waya suke da shi, sai a 1939 kamfani ya koma birkin mai, kuma tun wancan lokaci magina na kirki suke ɗauko na 1939 ko 1940 su sa wa tsofaffin, domin wanda ya ninka ƙarfin inji dole ya ninka ƙarfin tsayawa. Abin da ya rage wa irin wannan mota fenti ne da kushin. Wannan ita nake karewa. Kamar gida ne da aka yi wa rufi da ƙofa aka tare, filasta sai an samu hali. Magini ma ya fi son ganinsa a haka, don a lokacin ne zai san ko layin bulo ya miƙe.

Ku masu koyon fanal bita kun fi kowa sanin abin da nake nufi. Fenti mai kyau yana iya rufe bodi fila mai kaurin yatsa. Ƙarfe tsirara ba ya rufa wa kowa asiri. Idan an rage tsawon rufi, za ka ga inda aka yanka ginshiƙi, ka ga yadda aka ƙara faɗin rufin don ya hau daidai, ka ga ko an bi walda da guduma an daidaita ta ko an bar ta ta murɗe. Yaro mai son koyo zai tsaya minti talatin a kan irin wannan mota yana tambaya, mai ita kuma yana ba shi amsa, domin da hannunsa ya yi. A gaban motar da aka kewaye da igiya, hoto kawai zai ɗauka ya wuce.

Akwai kuma wadda aka mayar da rashin gamawa ya zama kwalliya. A zuba wa ƙarfe ruwan gishiri da ruwan tsami don ya yi tsatsar ƙarya, a manna ƙoƙon kai na ƙarfe, a sauke mota har idan taya ta fashe shasi ne zai ci ƙasa kafin komai. Wannan ba ta burge ni, amma ɗanɗano ne, ban da ikon hana kowa nasa. Inda na ja layi shi ne wurin birki da sitiyari da walda. Filin baje koli cike yake da yara da tsofaffi. Motar da ba ta iya tsayawa idan an taka birki, ba fenti take nema ba, gareji take nema. Ƙungiyar masu hot rod ta NSRA, wadda ta fara babban taronta a 1970 a garin Peoria, tana da masu duba lafiyar mota kyauta ga wanda ya so, su bi abu 23 ɗaya bayan ɗaya. Ba su tambayar launi.

Wani abin da zai ba ku mamaki, manyan wuraren da kansu sun sassauto. Baje kolin Pebble Beach a Kalifoniya, wanda aka fara a 1950, shi ne taron masu hannu da shuni, kuma shekaru da dama hot rod ba ta taka wannan ciyawa ba, sai a 1997 aka ware mata aji, Ford ta 1932 da Doane Spencer ya gina ta zo ta ɗaya. A 2024 kuwa babbar kyautar taron gaba ɗaya ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ta ba, da tsohon fentinta da tabonta. Kada ku ruɗe, wannan gamammiyar mota ce da ta tsufa, ba wadda ake cikin ginawa ba. Amma ta nuna alƙalai sun yarda ƙyalli ba shi kaɗai ne abin dubawa ba.

Wanda ya fi dacewa da batunmu shi ne abin da ake yi a Detroit. Baje kolin Autorama tun 1953 ake yin sa, kuma daga 1964 ake ba da kyautar Ridler ga motar da ba a taɓa nuna ta ko'ina ba. Ko a can, cikin motocin da aka zuba wa dukiya, sharaɗi ne mota ta tashi, ta yi gaba, ta yi baya, ta juya, ta tsaya da kanta. Sannan a benen ƙasa na ginin an ware wuri ga motocin salon da, masu fentin share fage da masu ƙarfe tsirara. Taron Oakland, wanda yanzu a Pomona ake yin sa, shi ma yana da zaure guda na irin waɗannan. Tikiti ɗaya, rufi ɗaya, kowa da ajinsa da alƙalansa. Dattijo mai marfin lagireto ba a auna shi da mai buroshi ba, mai buroshi kuma ba a kore shi ba. Abin da nake ba da shawara ke nan ga kowane mai shirya irin wannan biki.

Na ga hannu a can. Bismillah, ɗaga murya.

(Wani ɗalibi ya tambaya: idan mutum ya shekara biyar yana kawo mota da fentin share fage, har yanzu za a ce yana kan aiki ne?)

Ka yi tambaya mai kyau, Allah ya yi albarka. Ba ruwan mai ƙofa da wannan, mota tasa ce. Amma a matsayinmu na masu sana'a akwai abin da za mu faɗa masa. Tsohon samfurin fentin share fage yana shan ruwa, danshi na ratsa shi ya kai ga ƙarfe, tsatsa ta fara daga ciki ba ka gani, sai ranar da ta kumburo. Idan ya san zai daɗe a haka, ya fesa irin na zamani mai rufe ƙarfe ruf, ko ya sa baƙin fenti marar ƙyalli a kai, kamanni ɗaya ne ga mai kallo. Mai ƙarfe tsirara kuma sai ya riƙa bin sa da mai yana gogewa, ya ajiye ta a inuwa, domin ko sawun yatsa mai gumi yana barin tabo kafin gari ya waye. Wa ke da wata tambayar?