Amsoshin Tambayoyinku: Maganin Ciwon Jijiya, Pregabalin da Gabapentin

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan magunguna biyu 'yan gida ɗaya: pregabalin, wanda wasu suka fi sani da Lyrica, da kuma gabapentin.

Ta farko daga wani dattijo ne mai ciwon suga. Ya ce tafin ƙafarsa na yi masa zugi da dare, ko mayafi ya taɓa shi sai ya zabura. Likita ya rubuta masa pregabalin mai miligiram 75, safe da dare. Ya sha 'yan kwanaki, ciwo na nan daram, ga jiri ya ƙaru. Ya ƙara ƙwaya ne, ko ya watsar?

Baba, Allah ya ƙara sauƙi, amma ko ɗaya kada ka yi. Wannan ba irin farasitamol ba ne da za a sha yanzu, an jima ciwo ya lafa. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, sai su riƙa shelar zafi alhali babu rauni. Aikin pregabalin shi ne rage sinadaran da jijiyoyin ke fitarwa don isar da wannan saƙo, kuma kafin ka ji bambanci sai an yi mako guda, wani lokacin ma makonni. Da gangan likita ya fara maka da kaɗan. Iyakarsa miligiram 600 a rana, amma ba kowa ake kai wa can ba, don ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, shekaru da suga kuwa duk suna rage mata ƙarfi. Likita ne zai ƙara, bayan ya duba sakamakon gwajin ƙodarka.

Jiri da gyangyaɗi su ne ƙorafin da aka fi kawowa, kuma galibi suna lafawa cikin mako ɗaya ko biyu. Kafin nan, a ajiye tuƙi. In za ka tashi fitsari da dare, kunna fitila, ka zauna a bakin gado, ka ɗan jira kafin ka miƙe. Ni dai na fi jin tsoron faɗuwar dattijo a banɗaki fiye da jirin kansa. Gaskiya kuma, ba kowa maganin ke karɓa ba. In an yi makonni shiru, akwai amitriptyline da duloxetine da likita zai iya gwadawa.

Sai wata baiwar Allah da ta yi watanni tana shan gabapentin. Ciwo ya yi sauƙi, amma ƙafafu sun kumbura, ƙiba ta ƙaru, tana so ta daina daga yau. Hajiya, kumburin da ƙibar duk sanannu ne ga wannan magani, ki faɗa wa likita. Dainawa rana ɗaya kuwa, a'a. Jiki ya riga ya saba, yankewa kwatsam na jawo rashin barci, gumi, tashin zuciya da fargaba, wasu har farfaɗiya. Rage shi ake yi sannu a hankali, aƙalla cikin mako guda. In kumburin ya zo da haki, ko ya koma fuska, leɓe ko harshe, kada a jira wayewar gari, sai asibiti.

Wasiƙa ta uku ce ta ɗaga mini hankali. Wani matashi ya ce yana shan tiramol saboda ciwon baya, abokinsa ya ba shi pregabalin ya haɗa. Ɗan'uwa, kada ka haɗa. Dukansu suna danne numfashi, haka ma kodin, giya da ƙwayoyin barci. A Disambar 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan haɗi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu. A Afrilun 2019 kuma, Birtaniya ta saka pregabalin da gabapentin cikin magungunan da doka ta tsaurara, saboda jaraba da mace-mace. Wanda aka ga yana numfashi da ƙyar, leɓensa ya canza launi, ana jijjiga shi ba ya farkawa, a garzaya da shi asibiti. Abin takaicin ma, bincike bai nuna pregabalin na wani tasiri ga ciwon baya na yau da kullum ba. Ka je a duba bayan, ka kuma gaya wa likita gaskiyar yawan tiramol ɗin da kake sha.

Sauran a gurguje. Mai tambayar mantuwa: sha da zarar ka tuna, in kuma lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ya wuce, kada ka ninka. Mai shan maganin ƙwannafi: bar tazarar awa biyu kafin gabapentin, don yana rage shigarsa jiki. Wanda ya ji baƙin ciki ko tunanin cutar da kansa ya bijiro masa bayan fara sha, ya sanar da likita a ranar. Amaryar da ke fatan samun ciki kuma, ki ga likita tun yanzu, domin pregabalin na iya ɗan ƙara haɗarin nakasa ga jariri a watanni ukun farko, amma kada ki yanke shi da kanki.