Share Tarkacen Kwantena a Lokacin Tashin Kwamfuta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Maganata a yau ta shafi tarkacen da kwantenoni, wato keɓaɓɓun wuraren gudanar da manhajoji a cikin kwamfuta, ke bari a ma'ajiyarta, da dalilin da ya sa aka zaɓi lokacin tashin na'ura domin share shi.

A tsarin systemd, mai kula da tashin Linux da ayyukanta, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fara fitarwa a 2010, akwai manhajar systemd-nspawn da ke tayar da kwantena. Idan aka nemi kwantena na wucin gadi, sai ta ɗauki kwafin tsarin fayiloli na nan take, wato sinafshot, ta yi aiki a kansa, ta goge shi da zarar an gama. A kan btrfs, wani nau'in tsarin fayiloli na Linux, wannan kwafi ba ya cin wuri da farko, domin yana tarayya da asalinsa a bayanai, sai dai yana ƙara nauyi duk lokacin da aka rubuta sabon abu a cikinsa. To, idan wuta ta ɗauke ko na'ura ta tsaya cak, wa zai goge shi? Haka zai zauna, kuma da yake sunansa yana farawa da ɗigo, ba ya ma fitowa a jerin fayiloli na yau da kullum.

Maganin yana cikin layi ɗaya a ƙarƙashin /usr/lib/tmpfiles.d, inda systemd ke ajiye umarnin kula da fayilolin wucin gadi, wato R! /var/lib/machines/.#*. Harafin R na nufin a goge abin da duk abin da ke cikinsa, alamar motsin rai kuwa ta taƙaita umarnin ga lokacin tashi kaɗai. A ganina hikimar tana cikin wannan alama. An saba share /tmp, ma'ajiyar fayilolin wucin gadi, bisa daɗewa, abin da ya kwana 10 ba a taɓa shi ba ya tafi, na /var/tmp kuma 30, amma daɗewa ba ta tabbatar da cewa kwantena ya mutu ba, tunda yana iya yin makonni yana aiki. A lokacin tashi kuwa babu kwantena ko ɗaya da ya fara aiki, saboda haka duk kwafin wucin gadi da aka tarar ba shi da mai shi.

Wanda zai rubuta nasa umarnin ya sanya shi a /etc/tmpfiles.d, kuma ina roƙonsa ya duba alamar tauraro (*), wadda ke wakiltar kowane irin suna, da kyau kafin ya sake kunna na'urar, domin abin da R ya goge ba ya shiga kwandon shara, balle a dawo da shi.