Bashin da gini ke ci tun kafin a kunna fitila

Ku ƙiyasta wani bene a ranku. Farantan sola reras a sama, shuke-shuke sun zubo ta tagogi. Irin hotonsa ne ya karaɗe kafafen sada zumunta, kowa na cewa ga ginin da ba ya cutar da muhalli. To, masu awo ba da ido suke aiki ba.

Awon ya daɗe. Birtaniya ta fito da tsarin awon gine-gine mai suna BREEAM a 1990, Amurka ta biyo da nata, LEED. Ana ba gini maki a kan wutar da yake ci, ruwan da yake sha, sharar da yake fitarwa. Wannan kowa ya gane, mu wuce.

Inda ake tuntuɓe shi ne ranar da ake fara ƙirge. Da yawa sun ɗauka sai an tare an kunna fitila. A'a. Tun daga inda ake fasa dutsen da za a yi siminti ake farawa.

Tanderun siminti doguwar ganga ce da ke juyawa a hankali, a cikinta ake gasa dutsen farar ƙasa. Zafin cikinta ya kai digiri 1450. Za ku ce ai man da ake ƙonawa ne ke fitar da hayaƙin. Rabin gaskiya ke nan, ko ma bai kai rabi ba. Dutsen farar ƙasan kansa, da ya ji wuta, sai ya saki iskar kabon da ke ƙunshe a cikinsa. A gasa kilo 100 na tsantsarsa, kilo 44 ya bi iska, 56 ya rage. Ko da hasken rana aka hura tanderun, wannan 44 ɗin sai ya fita. Shi ya sa siminti kaɗai ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

A ɗora rodi, a ɗora gilashi, a ɗora man tirelolin da suka yi dako. Ba a ko shafa fenti ba, gini ya riga ya ci bashin iskar kabon. Wutar da za a ci gobe ana iya rage ta gobe. Kankaren da aka zuba kuwa ya zubu.

Abin da ke damuna shi ne, a wannan matakin gyara ya fi sauƙi, a nan kuma aka fi sakaci. Ana iya maye gurbin wani kaso na gasasshen dutsen da ke cikin siminti da tokar kwal ko gasasshen yumɓu. Ana iya gyara tsohon gini maimakon a rushe shi.

Akwai takardar da injiniya ke dubawa, EPD ake ce mata, mai nuna yawan iskar kabon da aka fitar wajen yin kayan gini. Ba lambar yabo ba ce, sakamakon awo ne kawai. Ku kalli layin da aka rubuta A1 zuwa A3 a cikinta: daga ramin da aka haƙo dutse har ƙofar masana'anta. Sai an ajiye ta kamfani biyu gefe da gefe, a kan tan ɗaya na siminti iri ɗaya, sannan a san wanne ya fi.