Waƙoƙin Turawa masu lamba a suna: wa ya rera, me lambar ke nufi?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ɗauki wayarka ka rubuta "9 to 5" a YouTube. Waƙoƙi biyu ne da wannan suna, dukansu na 1980, dukansu mata suka rera, kuma dukansu sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1981. Nan ruɗanin yake farawa.

Ta farko ta Dolly Parton ce, wadda ta rubuta domin fim ɗin da ta fito tare da Jane Fonda da Lily Tomlin. Lambar lokacin aikin ofis ne, daga tara na safe zuwa biyar na yamma. Kasa kunne ga ƙas-ƙas ɗin nan mai kama da ƙarar tafireta: Dolly ta samo wannan salon kiɗa ne ta hanyar goga faratan roba na yatsunta da juna. Ta biyun kuwa ta Sheena Easton ce, 'yar Scotland. Da za a kai ta kasuwar Amurka sai aka canza mata suna zuwa "Morning Train" don kada a haɗa ta da ta Dolly. In kana neman ta Sheena, da wannan sunan za ka fi saurin samunta.

Sai wadda ta fi ɗaure wa mutane kai, "25 or 6 to 4" ta ƙungiyar Chicago, 1970. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa wani zaurance ne na 'yan ƙwaya. Ba haka ba ne, agogo ne kawai. Robert Lamm yana zaune cikin dare yana fama da rubuta waƙa, ya duba lokaci: ƙarfe huɗu saura minti 25 ko 26. Shi ya rubuta, amma muryar da kake ji ta Peter Cetera ce, mai kaɗa jitar bes.

Kuskuren wanda ya rera kuwa ana yin sa da "December, 1963" ta The Four Seasons, wadda ta fito a 1975. Kowa na ɗauka Frankie Valli ne ya ja baitocin, tunda shi ne fuskar ƙungiyar. To, makaɗin gangarsu ne, Gerry Polci. Valli sai can a tsakiya yake shigowa. Ita ma shekarar ba ita ce ta asali ba. Bob Gaudio ya fara ɗora waƙar ne a kan 1933, shekarar da Amurka ta janye dokar hana sayar da barasa, daga baya aka sake baitocin, aka mayar da ita waƙar soyayya.

Shekara a sunan waƙa ba ta nuna ranar fitowarta. Prince ya saki "1999" ne a 1982. Bryan Adams, mai "Summer of '69", an haife shi a Nuwamba 1959, wato bai cika shekara goma ba a lokacin da waƙar ke magana a kai. Ita kuwa tana cikin kundinsa na 1984. Tunda mun ambaci Prince, shi ne ya rubuta "Nothing Compares 2 U", wata ƙungiya mai suna The Family ta fara fitar da ita a 1985, amma sai a 1990 Sinéad O'Connor 'yar Ireland ta sa duniya ta san ta.

Akwai lambar da ta zama masifa ga mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. "867-5309/Jenny" ta fito a 1981, ta kai matsayi na huɗu a 1982. Lambar tarho ce mai alƙaluma bakwai, irin wadda ake amfani da ita a garuruwan Amurka da dama, sai matasa suka dinga bugawa dare da rana suna neman Jenny, har wasu masu layin suka canza lamba. Kuma Tommy Tutone da ke jikin faifan sunan ƙungiya ne. Mawaƙin sunansa Tommy Heath.

"99 Luftballons" ta ƙungiyar Nena ta Jamus, 1983, da Jamusanci aka rera ta. Mai jitar ƙungiyar, Carlo Karges, ya ga an saki balan-balan a wasan Rolling Stones a Berlin ta Yamma a 1982, ya yi tunanin abin da zai faru in suka tsallaka katangar da ta raba Berlin gida biyu, sojojin Gabas suka zaci harin maƙiya ne. A Amurka ta Jamusancin ce ta kai matsayi na biyu. A Birtaniya kuma ta Turancin, "99 Red Balloons", ta hau na ɗaya a 1984. Babu jan launi a sunan asali, masu Turancin ne suka ƙara.

"Mambo No. 5" da aka yi ta rawa da ita a 1999 Lou Bega ne ya rera, haifaffen Munich, mahaifinsa ɗan Uganda. Amma gangar jikin kiɗan ta Pérez Prado ce, ɗan Kuba, tun wajen 1949.

Wadda ta fi kusa da gida ita ce "7 Seconds", 1994, ta Youssou N'Dour na Senegal da Neneh Cherry. Harsuna uku ne a cikinta: Wolof, Faransanci da Turanci. Daƙiƙa bakwai ɗin su ne na farkon rayuwar jariri, kafin ya san ana bambanta mutane da launin fata. Ta yi mako 16 a matsayi na ɗaya a Faransa, kuma a ganinmu babu wadda ta yi amfani da lambarta da nauyi irin wannan. Ga buɗewarta nan, ku saurari yadda Youssou ya fara da Wolof kafin Neneh ta karɓa.