Kafin ka biya kuɗin tirelar kwana a daji, ka fara auna ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tunda bidiyoyin nan na mutanen Ostireliya da Afirka ta Kudu suka fara yawo a TikTok da WhatsApp, ana jan 'yar tirela zuwa daji, a buɗe gefe kicin ya fito, a ɗaga sama tanti ya miƙe, saƙonni suke ta shigo mana kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: motata V6 ce, zata ja? Wani bawan Allah ma cewa yayi shi Highlander gare shi, ba abinda zai gagare ta. Toh yau a nan zamu zauna, domin a wannan gaɓar ce mutane suke asarar kuɗi, wani lokacin har da rai, sauran abubuwan kuma zamu bi ta kansu da sauri.

[Hoto: tireloli iri-iri a jere]

Ku duba, kala uku ne zaka fi gani. Akwai mai kamar akwati da tanti a samanta, akwai mai naɗewa wadda ake buɗe ta kamar littafi, sai kuma 'yar ƙaramar nan mai ɗaki a ciki da katifa. Samunta kuma ko dai ka sa a shigo maka da ita ta jirgin ruwa ka biya kwastan, ko ka tsinci 'yar Beljiyam a hannun wani, ko kuma ka je Panteka, kasuwar masu ƙira ta Kaduna, ka zauna da mai walda ya ƙera maka. Ni dai a ra'ayina mai akwatin nan da aka ƙera a gida tafi dacewa da aljihun yawancinmu, kuma duk abinda ya lalace a jikinta akwai shi a kasuwa. Maganar farashi kuwa ka tambaya a ranar da ka shirya, yadda naira take hawa da sauka kuɗin wannan watan ba na watan gobe bane.

Yanzu ga inda maganar take. Mai sayarwa zai ce maka tirelar nan kilo 620 ce kacal, ko keke napep zai ja ta. Ba ƙarya yayi ba, amma nauyinta ya faɗa maka tana fanko, ba ruwa ba gas ba ko cokali a ciki. Kai kuma ba fanko zaka ja ta zuwa wuraren shaƙatawa irin su Kajuru ko Matsirga ba.

[Hoto: ana loda kaya ɗaya bayan ɗaya, lissafi yana hawa a gefe]

Mu lissafa tare, misali ne amma kayan duk wanda zai fita da iyali sai ya ɗauke su. Ruwa lita 1 kilo 1 ne, wannan ka riƙe shi. Tankin ruwa mai lita 80, kilo 80 kenan. Jarka biyu masu lita 25, ƙarin kilo 50. Tukunyar gas mai kilo 12.5, wannan lambar na gas ɗin ne kawai, in ka haɗa da ƙarfen tukunyar kana wajen kilo 25. Batirin sola babba kusan 30. Kula cike da ƙanƙara da nama da lemo mu ce 35. Ƙaramin janareto 25. Shinkafa, mai, tukwane, risho da sauran tarkacen girki 40, kuma duk wanda ya taɓa tafiya da Hajiya ya san 40 ɗin nan sai an yi rarrashi kafin a tsaya a kanta. Katifu da kujeru da darduma 40. Safayar taya da jak da sifanu 40. Ku kalli gefen allon, kilo 365 muka ɗora, tirelar da aka ce 620 yanzu ta koma 985.

Wannan 985 ɗin ita ce lambar da zaka kai wa motarka, ba 620 ba. Sai ka buɗe littafin motar ka nemi shafin jan tirela, in littafin ya ɓata kamar yadda yake ɓata a yawancin motocin Kwatano to akwai shi a intanet, ka sa sunan motar da shekararta. In 'yar Amurka ce da laba zasu rubuta, wato lbs, ka raba da 2.2 ya baka kilo. RAV4 da yawa da muke hawa a garin nan lbs 1,500 aka yarje musu, kilo 680 kenan, kaga mun wuce da kilo 305 tun ba mu fita daga layinmu ba. Sienna mai kayan ja na kamfani 3,500 ne, kusan kilo 1,590. Highlander V6 ɗin da malam yake alfahari da ita tana iya kaiwa 5,000, amma fa sai wadda ta fito da kayan ja daga kamfani, har da abin sanyaya man giya, akwai shekarun da in babu wannan 2,000 ne kawai aka yarda. Mota ɗaya, inji ɗaya, amma lambar ta bambanta fiye da ninki biyu. Shi yasa nake cewa girman inji ba shi ne amsa ba. Inji zai ja, ko Golf ka ɗaura wa zata motsa. Abin tambaya shine birki zai tsayar? Giya zata jure hawan Kagoro da rana tsaka ba tayi zafi ba?

Sannan ga wata lambar da masu Hilux ya kamata su ji. Sabbin Hilux ana rubuta musu har kilo 3,500, amma wannan in tirelar tana da birkin kanta ne. In bata da birki kilo 750 ne iyaka, kuma ba Toyota kaɗai ba, a Ingila da Turai da Ostireliya doka ce tirela in ta haura 750 dole a sa mata birki. Yawancin waɗanda ake ƙerawa a nan ba birki a jikinsu. Toh ka koma kan 985 ɗinmu ka gani, ko Hilux gare ka ka tsallake layi. Ko dai ka rage kaya, ko ka sayi aksil, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, mai birki tun farko, kuma wallahi kuɗin birkin nan yafi kuɗin fenti da fitulun ado muhimmanci nesa ba kusa ba.

[Hoto: bakin tirela a kan ƙugiyar mota, daga kusa]

Yanzu ku matso, wannan shine abinda kusan kowa baya ganewa. Tirela ba jan ta kawai mota take yi ba, ɗaukar wani ɓangare nata take yi. Bakin tirelar nan da ya hau kan ƙwallon ƙugiya, wato dunƙulen ƙarfen da ake maƙala ta a bayan mota, yana danna bayan motar ƙasa. Nauyin da yake dannawa ana so ya zama kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar gaba ɗaya da kayanta, haka Amurkawa suke koyarwa, Turawan Turai suna yin ƙasa da haka saboda ƙirar tirelolinsu, amma kai ka riƙe kashi 10 ka duba kar ya wuce abinda aka rubuta a jikin ƙugiyar. A misalinmu wajen kilo 100 kenan.

Mutane sai su ga bayan motar ya ɗan zauna, sai tausayin motar ya kama su, su kwashe janareto da jarkoki su mayar can ƙarshen tirela wai don a sauƙaƙa mata. Bakin sai yayi sakayau har yaro zai ɗaga shi da hannu ɗaya, mai ita yana murna. Wannan shine haɗarin. Ku kalli wannan gwajin da aka yi da 'yar motar wasa, nauyi yana gaba an taɓa ta ta dawo daidai, an mayar da nauyin baya an taɓa ta, ku ga yadda take kaɗa wutsiya, kowane kaɗawa yafi na baya faɗi har ta kifar da motar. A cikin gari kana tafiya 40 ba zaka ji komai ba, sai ka hau hanyar Abuja ka taka, tanka ta wuce ka da iskarta ko ka kauce wa rami, a nan zata fara, kuma in ta fara sakan kaɗan gare ka. In haka ta same ka, Allah ya kiyaye, kar ka danna birki da ƙarfi kar kuma ka biye mata da sitiyari, ka ɗage ƙafa daga totur ka riƙe sitiyarin a miƙe har gudun ya sauka, sannan ka faka ka gyara lodin.

In kuma ka cika nauyin a gaba shima matsala ne, bayan mota ya durƙusa gaba ya ɗaga, tayoyin da suke juya ka basa kama ƙasa sosai, fitila tana haska saman bishiya. Ƙa'idar lodi mai sauƙi ce, kamar kashi 60 na kaya a gaban aksil, 40 a baya, masu nauyi a ƙasa kusa da tayoyi, a ɗaure su tamau don kar su zame a gargada. Tankin ruwa kuma ka ce wa mai walda ya sa shi daidai kan aksil ko gabansa kaɗan, saboda shi nauyinsa canzawa yake, zaka tafi da shi cike ka dawo ba komai.

Kuma kilo 100 ɗin nan da ke kan ƙugiya, a cikin kason motar ake cire shi. Buɗe ƙofar direba, motocin Amurka akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya. Mu ce taka an rubuta kilo 450. Manya biyar kowa kilo 70, 350 kenan, ka ƙara 100 na bakin tirela, shikenan ta cika, ko jaka ɗaya baka sa a but ba.

[Hoto: sikelin banɗaki, bulo, katako]

Ya zaka auna? Ba wani abu mai tsada. Ka loda tirelar kamar yau zaka tafi, har ruwan, ka faka a fili mai daidai, ka sa duwatsu a tayoyin. Ka ɗauko sikelin nan na auna mutum, ka ɗora guntun katako a tsaye yadda bakin tirelar zai zauna a tsayin da yake zama a jikin mota, ka sauke a hankali ka karanta. In kana tsoron zai fi ƙarfin sikelin, ga dabara, ku duba, katako mai kauri a kwance, kai ɗaya kan bulo kai ɗaya kan sikeli, bakin tirela a tsakiya cif, abinda ya nuna ka ninka biyu. Nauyin tirelar gaba ɗaya kuma sai sikelin manyan motoci, irin na kamfanonin shinkafa da wajen masu sayen ƙarafa da masu fasa dutse, ka roƙi arziki ka biya ɗan abinda suka ce. Tirelar da aka ƙera a gida ba faranti a jikinta da zai faɗa maka nauyinta, kuma masu walda suna son ƙarfe mai kauri don aiki yayi ƙarko, niyya mai kyau ce, amma kowane ƙarin kauri ƙarin kilo ne da aka ci daga kason ruwanka da abincinka. Ka faɗa masa lambar da kar ya wuce tun ranar da kuka yi ciniki, kuma a auna kafin ka cika kuɗi. In ta hannu zaka saya mai ita ya ƙi a je sikeli, ni dai zan haƙura da ita.

Wani ƙaramin abu da yake da haɗari, ƙwallon ƙugiya ba girmansu ɗaya ba. Na Turai da Ostireliya milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ne wato 50.8, akwai ma ƙarami inci 1 da 7/8. A ido duk ɗaya suke. Mu kuma nan motar daga Amurka, tirelar daga Jamus, sai a haɗa a ce ai ya shiga. A saman ƙwallon ake buga girman, a jikin bakin tirelar ma haka, su zo daidai. Ita ƙugiyar a jikin shasi ake ɗaure ta da kusoshi, ba a liƙa ta a bamba da walda ba. Sarƙa biyu na tsaro tsakanin tirela da mota, a gicciye su ta ƙarƙashin bakin.

[Hoto: hanyar burji bayan ruwan sama]

Duk lambobin da na karanto muku na kwalta ne fa. Da ka sauka burji, gargada da kwazazzabo da taɓon watan Agusta, ka bar wa kanka sarari sosai, ni ba zan wuce kashi uku cikin huɗu na abinda littafi ya ce ba.

Sauran da sauri. Sifirin mai ganye irin na akori-kura ya ishe ka, ko a Kachia ya karye za a gyara, ka dai sa a ƙara shokazoba. Tsayin tirelar daga ƙasa ya kai na motar. In zai yiwu rim ɗinta ya zama irin na motarka, yawancin Hilux da Prado rami shida ne iri ɗaya, safaya ɗaya ta yi muku ku biyu. Taya ka duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, kar zanen taya ya ruɗe ka. Boris a sa masa giris, in ka ratsa ruwa a sake dubawa. Fitilar birki da sigina su kama, don na bayanka da kuma 'yan Road Safety da VIO, takardu ma ka je ofishinsu ka tambaya kafin ka hau titi. In hanyar da zaka bi mai hawa da gangara ce sosai akwai ƙugiya mai juyawa ta ko'ina, tafi ƙwallo a daji, amma wannan sai daga baya in kuɗi ya samu.

Maganar inda za a kwana kuma, dan Allah jama'a mu Kaduna muke, mun san halin da wasu dazuzzukanmu suke ciki. A tambayi mutanen gari da jami'an tsaro, a tafi a ayari, a isa da rana, a fara da wuri mai gadi kamar Yankari ko gonar wani da ka sani. Wanda ya auna tasa ya turo mana lambobi uku a ƙasan bidiyon nan, nauyinta fanko, nauyinta da kaya, da na bakin ƙugiya, tare da sunan motarsa da shekararta, zamu duba tare a bidiyo na gaba in sha Allah, inda zamu je wajen mai walda mu ga yadda ake zaɓar gurbin aksil.