Kiran da Ake Cewa Ka Samu Aiki a Kamfanin Magani: Kar Ka Yi Saurin Cewa Na Amince

[Hoto: waya tana ƙara a kan tebur]

Wannan kiran da kuke gani, a kansa za mu zauna yau, kiran nan na minti biyar da jami'ar ɗaukar ma'aikata za ta ce maka barka, kai muka zaɓa. Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, wai idan mutum ya nemi ƙari a kan abin da aka yi masa tayi ba za su fasa su ba wani ba? Wasu ma gani suke neman ƙarin rashin godiya ne. To za mu iso nan, amma bari in yi gudu da farkon tunda shi yawancinku kun san shi.

[Hoto: gine-ginen kamfanoni, ɗakunan bincike]

Manyan kamfanonin magani irin su Pfizer da Johnson & Johnson a Amurka, Roche da Novartis a birnin Basel na Suwizalan, GSK da AstraZeneca a Ingila, Sanofi a Faransa, tsarinsu na ɗaukar aiki duk yana kama da juna. Ka cike fom a intanet, ka ɗora CV, a kira ka hirar farko ta kamar rabin awa, sai manajan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, sai kuma ranar da mutum huɗu ko biyar za su yi ta karɓarka ɗaya bayan ɗaya har muryarka ta fara dishewa, ka ajiye ruwa kusa. Tambayoyin galibi na ba mu labarin lokacin da kaza ya faru ne, shi ya sa ake koyar da tsarin STAR, wato ka faɗi halin da aka shiga, da abin da ya hau kanka, da abin da kai ɗin ka yi da hannunka, da yadda aka ƙare. Idan ɓangaren ingancin magani ne ko masana'anta, sai an taɓo ƙa'idojin GMP, wato ƙa'idojin sarrafa magani yadda ya kamata, da binciken hukumomin kula da magunguna irin FDA ta Amurka da EMA ta Turai, kuma 'yan wannan layin suna da maganarsu, abin da ba a rubuta ba to ba a yi shi ba. Idan kai masanin kimiyya ne za a ce ka gabatar da bincikenka a gaban jama'a. Roƙona ɗaya a nan, don Allah kar ka saka bayanan sirrin inda kake aiki yanzu a cikin allunanka don ka burge su, suna kallo ne suna cewa gobe haka zai yi da namu.

Sai shiru. Sati biyu, uku, wani lokacin ya wuce haka, ba lallai an manta da kai ba ne, takarda ce ke yawo ana sa mata hannu daga ofis zuwa ofis.

[Hoto: waya ta sake ƙara]

Yauwa, mun iso.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, adadin da za a faɗa maka a wayar nan ba manaja ne ya zauna ya ga dama ya yanke ba. A babban kamfani kowane aiki yana da matakinsa, kowane mataki kuma yana da ƙasa da sama na albashi, ku dubi layin nan a allo, nan ƙasa, nan tsakiya, nan sama. Akwai sashe guda da aikinsu kenan, su duba kasuwa, su duba abin da waɗanda ke kan matakin a ciki suke karɓa don kar sabon zuwa ya tsallake tsofaffi ba dalili, sannan su ajiye ka a wani wuri a kan layin. Tayin farko ba kasafai yake zama a can ƙarshen sama ba. Kenan idan ka nemi ƙari ba aljihun kowa ka sa wa hannu ba, cewa kake a matsar da ni daga nan zuwa nan a cikin kuɗin da tuni aka ware wa kujerar.

Kuma layin ba sirri ba ne kamar da. Jihar Kolorado ta Amurka tun 2021 ta tilasta wa kamfanoni su rubuta ƙasa da saman albashi a tallar aiki, jihohin Kalifoniya da Washinton suka biyo baya a 2023. Tarayyar Turai ma a 2023 ta amince da doka da ta ba ƙasashenta zuwa Yunin 2026 su saka a dokokinsu, cewa mai neman aiki yana da haƙƙin sanin albashin kujerar, kuma ba a tambayarsa nawa ake biyansa a inda ya baro. Ko ba a waɗannan wuraren kake ba, buɗe tallar kamfanin ta can ka ga yadda matakan suke hawa, zai buɗe maka ido, sai dai ka tuna kowace ƙasa da nata layin.

Don haka tambayata ta farko a wayar ba ta kuɗi ba ce ma. Wane mataki aka ajiye ni? Ni a ganina wannan ta fi komai, saboda bonas na shekara kaso ne na albashinka kuma yawan kason matakin ne yake yanke shi, hannun jarin kamfani ma a wurare da yawa sai daga wani mataki ake fara bayarwa. Mutum biyu za su shigo rana ɗaya da albashi kusan ɗaya, amma ɗaya yana saman ƙaramin mataki ya kusa bugun rufi, ɗayan yana ƙasan na gaba da fili a gabansa, bayan shekara uku ka zo ka ga tazara.

[Hoto: lissafi a allo]

Ga misali, lambobin na ƙirƙira ne don lissafi ya fito. A ce an yi maka tayin dala 100,000 da bonas kashi 15 cikin ɗari. Ka nemi ƙari, sai aka ce zaɓi ɗaya, ko a ba ka 10,000 kuɗin sa hannu sau ɗaya, ko a mai da albashin 106,000. Ido zai tafi kan 10,000 ɗin, na sani, kuɗi ne a dunƙule. Amma 6,000 ɗin nan kowace shekara zai dawo, bonas ɗinka ya tashi daga 15,000 zuwa 15,900, ƙarin albashin baɗi a kansa za a lissafa, abin da kamfani ke zuba maka na fansho ma haka, kafin shekara ta biyu ta ƙare ya wuce wancan. Kuɗin sa hannu kuma yawanci da igiya a ƙafarsa, idan ka bar aiki kafin shekara ɗaya ko biyu sai ka maido, yana nan rubuce a takarda da ƙananan haruffa. Shi ma bonas ɗin buri ne ba alkawari ba, ya danganta da yadda kamfani ya yi a shekarar da yadda kai ka yi. Hannun jari kuwa sai ya nuna, sau da yawa shekara uku kafin ya zama naka.

Inda kuɗin sa hannu yake da amfani sosai shi ne idan tafiyarka za ta sa ka rasa bonas ko hannun jarin da bai nuna ba a tsohon wurinka. Ka lissafa shi, ka faɗa musu adadin, wannan hujja ce da suka saba ji kuma suna da hanyar biyanta.

To me za ka ce a wayar? Ka yi godiya da gaske, ka nuna kana son aikin, sannan ka ce a turo min komai a rubuce in duba, zan dawo muku nan da kwana biyu ko uku. Shi kenan. Babu eh, babu a'a. Na san zuciya tana bugawa, wata uku kana jira, baki zai so ya riga ka, amma da zarar ka ce na amince sai a tura adadin a sa hannu, dawo da shi baya kuma yana da nauyi a kan kowa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, tun kafin kiran ka rubuta adadi biyu a takarda, wanda kake so da wanda ƙasa da shi ba za ka tafi ba.

Idan ka dawo musu, ka haɗa buƙatunka duka a magana ɗaya, ka jingina su da abin da ka kawo, shekarun da ka yi a mataki na uku na gwajin sabon magani a jikin mutane, ko binciken hukuma da ka taɓa jagoranta aka fita lafiya. Kuɗin haya da tsadar rayuwa gaskiya ne amma jami'ar ba za ta iya kai su gaban masu sa hannu ba, ka ba ta abin da za ta yi maka faɗa da shi. Idan albashi ya ƙi motsi, ka taɓa ranar fara aiki, kuɗin ƙaura, ko kwanakin aiki daga gida.

Za su fasa? Kamfanin da ya kashe watanni yana tace mutane, ya cinye lokacin manyan ma'aikatansa, ba ya son komawa farko saboda ka yi tambaya cikin ladabi, mafi yawa abin da za ka ji shi ne iyakarmu kenan, tayin kuma yana nan. Abin da ke ɓata lamari shi ne ƙaryar cewa wani kamfani ya ba ka tayi alhali babu, ko ka amince yau jibi ka dawo da sabuwar buƙata. Masana'antar nan mutanenta yawo suke daga wannan kamfani zuwa wancan, wanda ka yi wa ƙarya bana kana iya samunsa a wani teburin intabiyu baɗi.

[Hoto: hannu riƙe da biro a kan takarda]

Saura abu ɗaya kafin lokaci ya ƙare. Takardar tayin yawanci da sharaɗi take zuwa, sai an tantance takardun karatunka da wuraren da ka ce ka yi aiki, wasu wuraren har da gwajin shan ƙwaya, a Amurka kuma ana duba ko sunan mutum yana cikin waɗanda FDA ta haramta wa aikin magani. Kar ka miƙa takardar barin aiki sai an ce maka duk wannan ya kammala, an kuma ba ka ranar farawa a rubuce. Sannan ka ciro kwantiragin wurin da kake yanzu ka karanta, wata nawa ya ce ka ba su sanarwa, kuma akwai sharaɗin hana ka aiki da abokin hamayyarsu ko babu, shi za mu buɗe layi-layi a bidiyo na gaba.