Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Sandar Tayar Keken Hawan Dutse

Masu sauraro, tambaya ta gaba ta fito daga wani mai sauraronmu a Jos. Ya ce ya sayi keken hawan dutse na gwanjo mai birkin faifai, kuma siririn tsinke mai maɗauri ne ke riƙe tayoyinsa. Yana son ya koma kan sanda mai kauri wadda ke ratsa cibiyar taya, ita ma mai maɗaurin hannu. Shin zai yiwu?

To malam, ka fara duba bakin da taya ke zama a ciki. A tsarin tsinke, wanda ɗan Italiya Tullio Campagnolo ya ƙirƙiro wajen 1930, bakin a buɗe yake ta ƙasa, tsinke mai kaurin milimita 5 ne kawai ke matse shi. Ita kuwa sanda mai kauri rami rufaffe take buƙata, ta shiga ta gefe ɗaya a murɗa ta a zaren ɗaya gefen. Ɗaya daga cikin dalilan fito da ita shi ne birkin faifai: in ka taka shi da ƙarfi a gangara, yana jan tayar gaba ƙasa kamar zai fizge ta daga bakin.

Don haka a gaba sai ka sayi sabuwar ƙafa, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba, mai ramin milimita 15, ka tabbatar wuyanta ya dace da firam ɗinka, don na zamani da yawa gindinsu ya fi faɗi. Sannan cibiyar tayar. Wasu cibiyoyin, irin na kamfanonin Hope da DT Swiss, murfin gefe kawai ake canza musu. In ba haka ba, sai sabuwar cibiya a sake ɗaure wayoyi. A baya fa, tsohon firam mai tazarar milimita 135 tsakanin bakunansa biyu ba ya karɓar sanda mai kaurin milimita 12 wadda ke buƙatar tazarar milimita 142, sai in bakinsa na kwancewa ne.

Akwai hanya ta tsakiya, kuma ita zan ba ka shawara: ƙusa mai ratsa cibiya, mai kaurin milimita 9 a gaba, 10 a baya, irin samfurin DT Swiss mai suna RWS. Tana shiga buɗaɗɗen baki, tana matsewa fiye da tsinke, muddin cibiyar ta karɓe ta.

Amma don Allah kada wani mai walda ya ce zai toshe bakin ya huda maka rami. Mai gyaran keke ya auna komai kafin ka fitar da kuɗi.